Kuɗin Guda Ɗaya, Idanu Shida

Mu uku muka gangaro daga tudun Barón ranar Asabar,
hazon teku bai gama sakin Valparaíso ba.
Kuɗin na'urar karatu ɗaya ne a jakata,
sau biyu na ƙirga su a cikin bas.

A kanti yarinyar ta jera su bisa gilashi
kamar kifin da aka fito da shi da asuba:
ƙarama, matsakaiciya, da wata mai faɗin faranti.
Ivonne, haka aka rubuta a ƙirjin rigarta.
Ta ce, "Wa zai yi karatun?"
Duk muka ɗaga hannu.

Babana Eleuterio
shekara talatin da ɗaya yana ɗaure jiragen ruwa a tasha.
Yanzu baƙaƙe sun zame masa tururuwa,
da ya matso sai su watse.
Shekara uku rabonsa da littafi.
Manyan baƙaƙe yake so, daga nan bai ƙara komai ba.

Ɗana Amaro launi yake nema.
Jarumin littafinsa na zane jar riga yake sawa,
ya ce a allo mai toka-toka
jini da miya duk ɗaya ne.

Ni aikin dare nake a asibiti.
Ƙarfe uku, in marasa lafiya sun sami barci,
ina son haske mai taushi, ruwan zuma,
wanda ba zai ta da tsohuwar gado na tara ba.
Mara nauyi, ta shige aljihu,
in shayi ya zubo mata kada ta yi zuciya.

Ivonne ta bi su ɗaya bayan ɗaya.
Mai launi ta fi kuɗinmu da rabin albashina.
Babbar har alƙalami gare ta,
amma hannu biyu take so, kamar jariri.
Ƙaramar ta yi mini daidai.
Na kusa cewa a naɗe.

Sai Baba ya ɗora yatsa a kan allon.
Shiru.
Ya sake shafawa. Shafin bai motsa ba.
Igiya ta bar masa kanta mai kauri,
gilashin bai gane cewa mutum ne ba.
Ya janye hannun a hankali, ya sa a aljihu,
ya juya yana kallon titi.

Amaro ne ya hango ta can gefe,
baƙa, ba ado, da maɓallai biyu a haƙarƙarinta.
Ya ƙara girman rubutun har sau bakwai,
ya miƙa wa kakansa.
Ƙas! Shafi ya juya.
Ƙas! Ya dawo.
Leɓen Baba ya fara motsi.

Na ce, "Launin fa?"
Yaron ya ɗaga kafaɗa:
"Na san rigar ja ce, ba sai an nuna mini ba."

Ta ɗan yi wa aljihuna girma.
Daidai ruwa, daidai tsaki. Na biya.

Baba ya shinshina ta a hanya, ya ce ba ta da ƙamshi.
A gida ya cire bangon wani tsohon littafin taswirar teku
ya lulluɓe ta da shi,
sannan ya raba mana lokaci irin gadin jirgi:
safiya tasa, bayan makaranta ta Amaro,
dare nawa.

Jiya ƙarfe uku na kunna ta a bakin gado na tara.
Ya manta bai rage rubutun ba.
Kalma shida kacal a shafi,
kowane baƙi kamar kan yatsa,
wani matuƙi yana jiran iska ta juya.
Ban rage ba.
Na tsaya inda ya tsaya,
na taya shi jira.